Zumunta a Ƙafa Take: Yawon Sallah Tsakanin Darini da Birnin Dikko

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar motoci ta wajen Ƙofar 'Yandaka a birnin Katsina ran jajiberen Sallah, tun daga hantsi har rana ta take tsaka, ya ga yadda ake cusa mutane da kaya cikin ƙananan motoci, buhun shinkafa bisa cinyar tsoho, jariri bisa buhun, galan ɗin man gyaɗa tsakanin ƙafafu, 'yan kamasho kuwa suna ta shelar Batsari da Ruma da Wagini har muryoyinsu su dushe, to, wannan ba ya bukatar wani malami ya yi masa sharhin abin da magabata suke nufi da suka ce zumunta a ƙafa take. A ranar kuɗin mota yakan hau, haƙurin direba yakan sauka, amma da wuya ka ga wanda ya fasa tafiya, domin kowa ya san akwai wata tsohuwa can ƙauye wadda ta riga ta share ɗakin baƙi, ta jiƙa gero, tana kasa kunne ga ƙarar kowace mota.

Jama'ar nan da ke ture-ture, in ka yi nazarinsu, za ka iske kowane irin mutum a cikinsu. Ga malamin makaranta da iyalinsa, ga tela wanda ya kwana uku bai runtsa ba saboda ɗinkin Sallah, ya miƙa rigar ƙarshe ga mai ita da asuba ya sheƙo tasha, ga ɗan ci-rani wanda ya baro Ikko ko Fatakwal tun shekaranjiya, ya kwana bisa hanya, ya biyo ta Zariya da Funtuwa, ga kuma almajiri da allonsa a hammata, malaminsa ya sallame shi ya je ya ga iyaye. Waɗanda suka nufi Safana da Runka da Zakka su kan hanyarsu daban ce, galibi ta Dutsin-Ma suke ratsawa, amma niyyar ɗaya ce. Ni kaina na yi shekaru ina cikin wannan ayari, domin dangin mahaifiyata suna Darini, ƙauyen da masu karanta jerin mazaɓun ƙaramar hukumar Batsari suka fi sani haɗe da sunan Magaji Abu, alhali mu da muka yi yawon Sallah a lungunansa muna ƙanana ba mu san shi da kome ba face gidan Kaka.

Wani abin dariya da nake tunawa shi ne gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin kawunnaina biyu a kan mas'alar ƙasaru. Fuƙaha'un mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani ya sani, sun ƙayyade masafar da matafiyi zai rage salla da mil 48, wato wajen kilomita 80. Wanda ya taso daga Kano ya cika sharaɗi tun kafin ya hango ganuwar Katsina, amma wanda ya taso daga cikin birnin Katsina zuwa Batsari bai kai ba. Sai ɗaya kawun, wanda ke zaune a birni, ya riƙa cewa in da wahala ake aunawa ba da mil ba, to ramukan hanyar ƙauye sun isa su ba shi rangwame, ɗayan kuwa ya ce masa shari'a ba ta san ramuka ba, kuma ko da ta sani, ai wanda ya shigo garin da matarsa take ya zama mazaunin gida. Haka za su yi ta yi har a kawo fura.

Yanayin tafiyar kuwa ba ya zama iri ɗaya, saboda shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka, har Sallah takan zagaye damina da kaka da hunturu da bazara cikin shekara 33. Waɗanda suka manyanta sun ga Sallar da ta faɗo cikin kaka, rumbuna cike, kowa da kuɗin gyaɗa a aljihu, samari suna haɗa ta da dambe da kokawa a dandali. A shekarar 2025 kuwa, bayan sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, an yi Ƙaramar Sallah ran 30 ga Maris, cikin zafin bazara, aka yi Babbar Sallah ran 6 ga Yuni, daidai lokacin da manomi ke duban gabas yana jiran ruwan shuka, rumbu ya yi ƙasa, ga kuma ragon layya yana neman kuɗi. Baƙon da ya zo ƙauye a irin wannan lokaci, in yana da hankali, ba ya zuwa hannu rabbana, kuma ba ya daɗewa har ya zama nauyi.

Ziyarar Sallah a ƙauye tana da tartibi wanda ba a rubuta shi a kowane littafi ba, amma wanda ya saɓa masa zai ji a jikinsa. In an sauko daga Idi, ba gidan abokinka za ka fara zuwa ba, kome daɗewar rabuwarku. Za a fara da mai gari da liman, sa'an nan babban gida, inda dattijon zuriya yake zaune bisa buzu a zaure, a tuɓe takalma tun daga nesa, a durƙusa, a ce, "Baba, barka da Sallah, an yi Sallah lafiya?" shi kuwa ya amsa da "Lafiya lau, Allah ya maimaita mana, kun sha hanya," ya bi mutanen gidanka ɗaya ɗaya da tambaya, har jaririn da bai taɓa gani ba. Daga nan a shiga cikin gida wajen su Gwaggo da Inna, inda gaisuwar ta fi tsawo, tsegumin kuma ya fi daɗi, a ajiye tsaraba, turmin atamfa ko sabulu ko sukari, ba tare da an ambace ta ba, domin ambaton kyauta rage mata albarka ne. Akwai kuma waɗanda ba su barin gari sai sun je maƙabarta sun yi wa magabata addu'a, abin da na lura shi ne ya fi sa 'yan birni yin shiru a duk tsawon ziyarar.

Yara su ne sarakunan wannan rana. Da sababbin kaya, da tabarau na roba, da lalle a hannun 'yan mata, sukan bi gida gida suna kai tuwon Sallah suna karɓar goron Sallah, kuma babu wani ma'ajin baitulmali da ya kai yaron ƙauye iya lissafin wanda ya ba shi da wanda ya ce masa "sai an jima." Akushin da ya fita da tuwon shinkafa da miyar taushe ba ya komowa wofi. Matan aure kuwa, musamman waɗanda aka kai wasu garuruwa, sai kashegari ko rana ta uku suke samun sukunin zuwa ganin gida, kuma a nan ne ake sanin wadda take zaune lafiya da wadda take haƙuri, ko da ba ta furta ba. A Babbar Sallah sai a ƙara da rabon naman layya, wanda shi kansa taswira ce ta dangantaka, domin daga inda cinya ta nufa da inda aka aika haƙarƙari mai lura zai gane matsayin kowa a zuciyar mai gida.

To, ina maganar kallon wurare? 'Yan boko sun ƙago kalmar yawon buɗe ido, kuma ba laifi, kalma ce mai ma'ana, amma a Darini ban taɓa jin wanda ya ce zai tafi buɗe ido ba. Abin da ake cewa shi ne za a je kallo, ko za a je ganin gari, kuma ba a yinsa sai an fake da ɗan'uwa. Mutumin ƙauye ba zai ɗauki kuɗinsa ya tafi Katsina don ya dubi tsohon gini kawai ba, amma in yana da ƙane a unguwar Rafindadi ko Ƙofar Sauri, to zai je gaishe shi, shi kuwa ƙanen wajibi ne a kansa ya zagaya da shi. Haka nan ɗan birni ba zai ce zai je duban duwatsun ƙasar Ruma ba, amma in ya kai 'ya'yansa gidan Kaka, kafin la'asar 'yan'uwansu sun haye da su kan fa, sun nuna musu kuka da ɗorawa da kanya, sun koya musu bambancin gero da maiwa. Ciniki ne na ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, kowane ɓangare yana ganin na ɗaya ne abin mamaki.

Babban abin da ke jan mutanen yamma zuwa birni shi ne hawa. Bisa al'ada hakiman ƙasar Katsina sukan shigo da dawakinsu da makaɗansu da 'yan lifidi don su yi wa Sarki rakiya su kuma yi jahi, kuma talakan Batsari da ya tsaya cikin cunkoson Ƙofar Soro ba abin da yake jira kamar ya hango tawagar Sarkin Ruma, kamar yadda na Safana yake miƙa wuya don ya ga ta Yarima, na Dutsin-Ma kuma ta 'Yandaka. In tasu ta wuce, sai ka ji ya ce wa na kusa da shi, "Namu ne waɗannan," ko da kuwa bai taɓa taka zauren hakimin ba. Kashegari a yi Hawan Bariki, wanda asalinsa ziyarar da Sarki yake kai wa Razdan ne a zamanin Turawa, yau kuwa gidan gwamnati ake nufa. Sarakuna huɗu na gidan Sulluɓawa sun riƙe wannan al'ada bi da bi: Muhammadu Dikko daga 1906, Usman Nagogo daga 1944, Muhammadu Kabir Usman daga 1981, da Abdulmumini Kabir Usman daga 2008. Duniya ma ta waiwayo, domin a watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun bil'adama da ya kamata a kiyaye, abin da Bakatsine yakan ji ya murmusa, ya ce in don doki ne a zo Katsina a gani.

Bayan hawa sai zagayen birni. Za a kai baƙo Hasumiyar Gobarau, wadda ake danganta gininta da zamanin Sarki Muhammadu Korau da zuwan Shehu Almaghili a ƙarni na 15, ya ɗaga kai ya yi mamakin yadda ƙasa da ruwa da makuba suka jure damina ɗaruruwa. Za a biya da shi tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yau kuma ta zama gidan adana kayan tarihi. A nan ne kuma Abubakar Imam ya yi karatu, shi da ya je Ingila a 1943 ya komo ya rubuta littafin da ya raɗa wa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Masu sha'awar ziyarar bayin Allah sukan nemi a kai su kushewar Wali Ɗan Marina da ta Wali Ɗan Masani, a maƙabartar Ɗan Marina kuwa aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a watan Mayu na 2010, don haka ziyarar takan haɗa tarihi na nesa da na kusa. Wanda aljihunsa ya yi nauyi ya zarce Daura ya ja guga a rijiyar Kusugu. Samarin Safana kuwa nasu wurin shan iska madatsar ruwa ta Zoɓe ce, kusa da Dutsin-Ma, wadda aka kammala a zamanin Shehu Shagari.

Amma duk wannan da na zayyana, tilas in faɗi gaskiya, rabinsa labarin jiya ne. Yamma da Batsari da Safana akwai dajin Rugu, wanda ya miƙe har cikin ƙasar Zamfara, kuma tun fil azal wannan yanki bakin iyaka ne, mai arziki da haɗari a haɗe. Bayan jihadi, sa'ad da sarakunan Haɓe na Katsina suka yi hijira suka kafa Maraɗi, ƙasar Ruma ta zama fagen kai da komo tsakanin Katsina da Maraɗi, mayaƙan Maraɗi irin su Sarki Ɗan Baskore suna ratsowa da hari, garuruwa suna tashi suna komawa kufai. Daga baya zaman lafiya ya samu, aka sake cika ƙasar da noma, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar wuraren kiwo a 1965, makiyaya suka sami mazauni a dajin Ruma da Kukar Jangarai da wajen Runka. Mu da muka tashi a wannan tsakani mun ga Sallar da matan ruga suke shigowa gari da ƙoren nono da man shanu, a ba su tuwo da nama, samarinsu su yi sharo a bakin kasuwa, kowane Bahaushe da Bafulataninsa wanda yake ba amanar shanu. Wannan ma zumunta ce, ita ma a ƙafa take.

Fitinar 'yan bindiga ta zo ta ɗaure wannan ƙafa. A 2019 abin ya yi tsanani har masarautar Katsina ta soke hawan Ƙaramar Sallah don juyayin waɗanda aka kashe, aka maye gurbinsa da addu'a, mutanen ƙauyuka kuwa suka cika makarantar firamare ta cikin garin Batsari suna gudun hijira a ƙasarsu ta haihuwa. A watan Fabrairu na 2020 aka kai hari ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar, mutum 30 suka rasu. A watan Disamba na shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar sakandare ta Ƙanƙara sama da 300. A ƙarshen Agusta da farkon Satumba na 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta ɗauki matakai masu tsauri, aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana. A waɗannan watanni mai son ya ji lafiyar mahaifiyarsa sai ya koma irin ta dā, ya je tasha ya ba direba saƙo.

Abin da ya fi ba ni tausayi a cikin al'amarin shi ne yadda alƙiblar ziyara ta juya. Dā birni ne yake kwarara zuwa ƙauye, saboda a can tushe yake, a can kabarin kakanni yake. Sai ga shi tsofaffi da kansu suna aiko wa 'ya'yansu cewa kada su zo, domin ma'aikacin gwamnati ko ɗan kasuwa da ya sauka da mota a ƙofar gida ya zama abin farauta, ya kuma jawo wa gidan idon masu kai rahoto. Wanda ya matsa sai ya zo, to ya bar babbar riga a birni, ya hau babur kamar kowa, ya gaisa a tsaitsaye. Wasu iyalai kuwa suka ɗauko iyayen gaba ɗaya suka kama musu haya a bayan garin Katsina ko Dutsin-Ma, inda dattijon da ya saba karɓar gaisuwar mutum hamsin a zaurensa yake yin Sallah cikin ɗaki ɗaya, ba rumbu, ba turke. Aka koma tura goron Sallah ta asusun banki, a karɓa wajen mai POS, a aika hotunan yara ta WhatsApp. Ban raina wannan ba, ya toshe wata kafa, kuma malamai sun ce sada zumunta yana tabbata ko da da sallama ce. Sai dai hoto ba ya cin tuwo, kuma yaron da bai taɓa kwana gidan kakarsa ba zai girma yana kiran 'ya'yan kawunsa mutanen ƙauye.

Ta fuskar arewa ma ƙafar ta sha ɗauri. Babu gidan kirki a Batsari ko Jibiya da ba shi da dangi a Maraɗi ko Madarumfa ko Ɗan Isa, amma an rufe iyakar Nijeriya da Nijar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Titin jirgin ƙasa da aka aza harsashinsa a 2021 don ya haɗa Kano da Katsina da Jibiya da Maraɗi, jama'a na nan suna zuba masa ido. Sa'an nan ga janye tallafin man fetur na 29 ga Mayu, 2023, wanda ya sa mai iyali ya riƙa ƙidaya kawunan 'ya'yansa kafin ya nufi tasha, ya ɗauki biyu bana, ya yi wa sauran alkawarin baɗi.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaro ta 'yan sa-kai na jiha a watan Oktoba na 2023, a 2025 kuma aka yi ta zaman sulhu tsakanin jama'ar gari da mutanen daji a Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa. Ra'ayi ya rabu a kan wannan sulhu, waɗansu suna ganin numfashi ne aka samu, waɗansu suna tuna cewa an yi irinsa a 2019 bai ɗore ba, kuma ni ba zan yanke hukunci daga kan kujerata a birni a kan abin da mai kwana a bakin daji ya fi ni sani ba. Abin da idona ya gani shi ne motocin Ƙofar 'Yandaka sun sake cika, kasuwar Batsari ta ran Alhamis ta sake jin ƙamshin rogo da ƙuli-ƙuli, masu zuwa kuwa sun koyi sabon ilmin falaki, suna auna tafiya da tsayin inuwa: a fita bayan rana ta ɗaga, a juyo kafin ta karkata.

Da wannan lissafi na kai yarana biyu Darini a Sallar da ta wuce. Muka yi gaisuwar da dā takan ci kwana uku cikin sa'o'i huɗu, ƙaramin yana ta tambaya me ya sa kowa a garin nan kakansa ne. 'Yan'uwansu suka ja su bayan gari suka nuna musu rumbu da turken awaki da wata tsohuwar kuka, amma da suka ce za su haye kan dutse sai manya suka ce a bari sai wani zuwan. Ana kiran azahar Gwaggo ta fara haɗa mana kaya, rogo da daddawa da kuka da 'yar jakar gero, ita da a dā takan ɓoye takalmin baƙo don kada ya tafi. Na ce, "Gwaggo, ko la'asar ba a yi ba." Ta ce, "Ku dai tashi, ɗan nan, kwa yi ta a Katsina." Ta rako mu har bakin hanya, ta riƙe hannun ƙaramin ta tagar mota tana ta sa masa albarka, sai da direba ya yi ƙaho sau biyu kana ta saki.